Masu haɗa mota da injin babur, ku ƙirga haƙoran aksul tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in ja kunnen samarinmu da ke haɗa ƙaramar mota da injin babban babur, nan Katsina abin ya fara shiga ran yara.

Ni kaina na sha wuyar abin. Na samo injin Yamaha R1 na tokumbo, na ɗaura masa bak aksul, wato abin da ke juya tayoyin baya, na tsohuwar Ford Sierra mai lambar ragi 3.92 don shi na tarar a kasuwa, ban tambayi kowa ba. Muka hau hanyar Daura, tashi kam kamar an harba kibiya, amma tun kafin mu yi nisa na ƙure giya ta 6, inji na ta kururuwa kamar injin markaɗe, mota kuma ba wani gudu, ƙanena na gefe ya toshe kunnuwa.

Abin da ban lissafa ba, injin babur yana da nasa ragin juyi a ciki tun kafin giya, wajen 1.5, to in ka ƙara masa aksul mai babbar lamba ragin ya yi yawa ke nan. Na koma aksul mai 3.38 sai ga numfashi ya dawo. In kana son sanin lambar aksul, buɗe murfinsa, ƙirga haƙoran babban faifan ka raba da na ƙaramin, lambar ke nan, kuma girman taya ma yana canza lissafin.

Ribas kuwa babu, sai turi, yaran unguwa har sun saba.

Naku,
wani makanike daga Ƙofar Ƙaura, Katsina