Batun Filinka na Tumfure

Jekadafari, Gombe.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin Ingila? Mu nan sai godiya, zafi ne dai ya fara kankama.

Saƙonka ya iso, na kuma duba zanen gidan kula da tsofaffin da kake son ginawa a filinka na Tumfure, irin wanda kake aiki a cikinsa can. Allah ya saka maka da wannan niyya. Amma tunda ka ce kada in ɓoye maka komai, to in ka gina shi haka, da wuya ka samu mai shiga. Ka san mutanenmu. Ranar da aka ji wane ya kai mahaifiyarsa gidan gajiyayyu, ya gama ɗaga kai a garin nan. Gara masa ya bar ta da 'yar aiki, shi yana Abuja yana turo kuɗi.

Buƙatar kuwa tana nan. Dubi tsofaffin ma'aikata: mutum ya yi shekara 35 yana aiki, ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa a zuba a asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, ya yi ritaya yana gidan haya. Fanshon da zai biya hayar shi ne na maganin hawan jini da na suga, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin Keke Napep zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya ma sai an yi masa lissafi. Akwai dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa da Buhari ya sa wa hannu a 2018, amma doka ba ta biyan haya.

Ni dai shawarata, ka sayar da filin, ka sayi tsohon gida a cikin gari, Bolari ko Herwagana ko nan wajenmu, inda kwari bai ci ba. A gyara shi ya zama ciki da falo 'yan kaɗan, ba bene, ba dakali mai tsawo a ƙofa. Banɗaki na zama da ƙarfen dafawa, kuma don Allah ban da tayil mai santsi, shi ke karya ƙugun tsofaffi wajen alwala. A sa sola saboda fanka, a haƙa rijiyar burtsatse. Masallaci ya kasance inda dattijo zai taka da sandarsa ya samu jam'in asuba, ya zauna majalisa bayan la'asar. Wannan kaɗai ya fi lambun da ka zana amfani a wurinsa. A bar kowa ya zauna da jika ɗaya. Ma'aikaciyar jinya ta riƙa leƙowa tana auna jini, a kuma yi musu rajista da GoHealth, wato shirin inshorar lafiya na jihar Gombe, don a rage kuɗin asibiti. Kada a kafa allo a ƙofa. Gidan haya ne mai sauƙi, shi ke nan.

Riba kam kada ka sa rai, in hayar ta riƙe gyara da albashin mai gadi an gode Allah.

In ka amince, zan sa dillali ya fara nema kafin ka zo da sallah. Hajiya tana gaishe ka, ta ce man zafin da ka aiko ya ƙare. Ka gaida madam da yara.

Naka,
amininka.