Giwa Ya Kwanta, Ƙawalli

Argungu, daren Laraba

Ƙawalli,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya mai gidan da fama? Na san kin cika kin batse. Wata uku ban ce miki uffan ba, ko maganar ankon bikin autarmu da kika aiko ban amsa ba. Ki bari in faɗi uzurina tukun, in ya so ki yanke min hukunci.

Giwa ne ba lafiya. E, shi dai, muzurun nan da kike cewa ya fi buhun shanshera nauyi. Ciwon suga gare shi. Yi dariyarki, ni ma sai da na yi a gaban likitan dabbobi, don ban taɓa jin mage da ciwon masu kuɗi ba.

Tun cikin hunturu abin ya soma, lokacin da mutum ma sai ya yi da gaske yake taɓa ruwa. Shi kuwa ya shanye na kwanonsa, ya koma bakin buta, ya je ya tsare gindin randa. Yara suka ce sunansa ne ya bi shi, giwan ruwa ya koma ruwa. Fitsari ba a magana, har kan tabarmar Inna, abin da bai taɓa yi ba. Ga ci kamar gara, amma kullum ƙara zubewa yake. Da ya zo kilo 7 a sikelin mai kifi, ranar da muka sake ɗora shi bai cika 5 ba. Gashin nan mai sheƙi ya yamutse, ya daina lasar jikinsa, in kin shafa bayansa ƙashi kawai za ki ji. Ni duk a zatona tsutsar ciki ce.

Inna ce ta gano. Ta ga kiyashi sun yi dandazo inda ya yi fitsari, ta kira ni ta ce, "Ke, muzurun ga ciwona garai." Kin san shekarunta nawa tana fama da nata. Na ce haba Inna, ta ce to jiki magayi.

Likitan ya tsaga gefen kunnensa kaɗan ya ɗiga jinin a na'ura, ta nuna sama da 400. Ya ce na lafiyayyar mage tsakanin 80 ne zuwa 120. Amma bai yarda da awon farko ba, wai tsoro kaɗai yana iya tayar da sugan mage, mu kuwa a kwando muka kawo shi cikin a-daidaita yana ta ihu. Sai da ya gwada fitsarin, ya sa muka sake aunawa a gida hankali kwance, sannan ya tabbatar. Yadda ya yi min bayani, in suga ya haura wajen 250 ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ta sake shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwan jiki ya tafi da shi, ƙishirwar ke nan. Ramar kuma, sugan yana nan cike da jini amma ba ya shiga tsoka, sai jiki ya koma cin kitsensa da namansa. Ya ce muzurai masu ƙiba da suka manyanta su ciwon ya fi kamawa. Da ya tambayi abin da nake ba shi na ce tuwon shinkafa da miya, kallon da ya yi min, ƙawalli, na so ƙasa ta tsage. Mage nama aka halitta ta ci, ni na mai da shi ɗan Kabi sosai.

Abin da ya fi sa ni hawaye ƙafafun baya ne. Kin san mage kan yatsu take tafiya. Shi yanzu diddigen gaba ɗaya yake shimfiɗawa a ƙasa kamar zomo, katangar da yake haurawa ya je satar kifin maƙwabta sai dai ya zauna yana kallonta. Wai sugan ne ya taɓa jijiyoyi, kuma in ya daidaita ƙafar tana iya dawowa, amma sai an yi makonni ko watanni.

Af, maƙwabtan nan ma, kin ji uwargidan ta yi yaji? A kan injin markaɗe! Kwana tara a Gulma, sai da Kawu ya je biko da kansa, shi da nasa gidan ke ci da wuta. Zan ba ki wannan a waya, ba ya rubutuwa.

To aka ɗora Giwa kan allurar insulin, mai saukar da suga, safe da yamma, awa 12 tsakani, abinci kifi da nama zalla. Mai gidan ya ce shi da ke noma shinkafar bai samu wannan gata ba. Inna ta tuna masa matar da ta shiga wuta saboda mage, ya ja bakinsa. Kwalbar tana firjin sola na Yaya, kusa da ta Inna, na ɗaura mata jan zare kada a yi musaya.

Daren Juma'ar da ta wuce ne na ga tashin hankali. Na yi masa allurar magariba na fita barka, ɗan wajen Yaya bai sani ba ya ƙara masa wata. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji wani kuka da ban san shi da shi ba. Na haska fitila, ga shi yana tangaɗi kamar ɗan maye, jiki na ɓari, baƙin idon ya buɗe ya cika ido, miyau na dalala, yana tafiya yana karo da bango kamar bai gani. Na'urar Inna ta nuna 41. Ƙasa da 60 an shiga hatsari. Hawan suga a hankali yake cin jiki, wata da watanni, amma faɗuwarsa cikin dare ɗaya sai ta kai ga jijjiga da suma. Allah ya sa likitan ya riga ya gaya min abin yi. Na lakato zuma na goga masa a dasashi, ban ɗura masa ba don kada ya shaƙe. Inna na riƙe da fitila tana salati. Bayan 'yan mintoci ya ɗago kai, na miƙa masa kifi ya ci. Ban runtsa ba sai da aka yi kiran assalatu, gari na wayewa muka koma wurin likita.

Yanzu duk wanda ya yi allura sai ya ja layi da alli a bangon madafa, kuma in bai ci abinci ba ba na yi sai na kira likita. Ya kuma gargaɗe ni da ɗaya ɓangaren, wato in sugan ya hau da yawa: in ya ƙi abinci, yana amai, ya yi laƙwas, bakinsa na warin abin goge farce, kada in tsaya jiƙa komai, in ɗauko shi kawai. Wai wata magen tana warwarewa har a daina allurar, shi ya sa ake yawan aunawa. Ruwan da yake sha dai ya ragu, jiya har na gan shi yana lasar wutsiya.

Don Allah ki duba min tsinken awon suga a wajenku, nan ya yi tsada, ga shi mutum biyu ke amfani da shi, in dai Giwa mutum ne. Inna na gaishe ki, ta ce har yanzu ba ta ga turaren da kika yi alkawari ba. Ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Ta bakin Matan Fada