Godiya ga masu shagon gyaran sauti na bayan kasuwar Wunti

Assalamu alaikum.

Jikana ya ce in kira a waya in yi godiya, ya isa. Na ce a'a, wannan sai an rubuta mutanen Bauchi sun gani.

Ni mai larurar gani ne, hawan jinin ido ya tafi da ganina bayan na yi ritaya daga koyarwa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana akwatin ƙarfe cike da fayafayan garmaho da ya riƙa sayowa a Jos zamanin da yake tuƙin babbar mota. Wasu na roba ne, masu juyi 33 ko 45 a minti. Sauran irin na da ne masu nauyi, masu juyi 78, waɗanda in sun faɗi sai su tarwatse kamar tangaran. Garmahon kansa ya daɗe da mutuwa. Burina a kwashe sautin a zuba a kwamfuta tun kafin ni ma in bi shi.

Wurare uku na je kafin naku. A na farko ina tsaye a gaban mai shago, amma jikana yake tambaya, "Me tsohon yake so?" kamar kunnena ne ya mutu. A na biyu ko baki ban buɗe ba wani yaro ya damƙa mini naira 100 ya ce in yi haƙuri, maigida ba ya nan. Shekara 35 ina riƙe da alli, ranar aka mai da ni mabaraci. Na ukun ne ya fi ci mini rai. Ya karɓi fayafayai biyu, ya ce datti ne kawai, ya goge su da sifirit. Da na shafa ɗaya na ji ya yi danƙo, layukan sun shafe. Sai daga baya na san cewa irin waɗannan da shalak ake yinsu, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a ƙasashe irin su Indiya, kuma sifirit narkar da shi yake yi. Ko "yi haƙuri" bai ce ba.

To da wannan zuciyar na shigo shagonku, a shirye nake da faɗa.

Matashin da na tarar ni ya gaisar, ba ɗan jagorana ba. Ya ce, "Baba, ga kujera a damarka, taku biyu." Sannan ya yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi: in bar masa aikin ne, ko ina so in yi da hannuna? Na ɗauka ba'a ce. Ashe ya taɓa zama da wani ɗalibi makaho a jami'a, ya san manhajar nan mai karanta abin da ke kan allo, NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka gina, kuma kyauta ake samunta tun 2006. Ya sa mini ita tare da Audacity, manhajar ɗauka da gyaran sauti, ita ma kyauta, ya ture linzamin kwamfutar gefe ya ce yau ba ruwanmu da shi.

Na'urarku ta juya faifai ba ta kai gudun 78 ba, saboda haka ya sa allura mai kaurin baki wadda ta dace da faɗin layin tsohon faifai, muka ɗauka a 45, muryar mawaƙin tana jan jiki kamar ta mai barci, sannan muka ƙara gudun a cikin manhajar ta koma daidai. Ya ɗora yatsuna a kan madannai: R don ɗauka, dogon madanni na ƙasa don kunnawa da tsayarwa, wasu biyu kuma don yin alamar farko da ƙarshen wurin da nake so in gyara ina cikin saurare. Duk abin da na taɓa, kwamfutar ta faɗa mini da Turancinta mai kama da na mai mura.

Inda ya burge ni shi ne wajen cire ƙas-ƙas da shuuu ɗin nan. Ya nuna mini yadda ake tsakuro ɗan wurin da babu kiɗa a farkon faifai, manhajar ta gane hayaniyar, sannan ta rage ta a ko'ina. Ni da zumuɗi na ƙure ta, sai murya ta koma kamar daga cikin randa, kalangu kuma ya rasa kaifinsa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, a nan kunnenka ya fi idona, kai za ka ce ya isa." Muka koma baya, muka bar ɗan ƙas-ƙas kaɗan. Ya kuma adana ainihin ɗaukar farko ba a taɓa ta ba, ko da wata rana zan canza ra'ayi. Kowane gefe minti uku ne da 'yan kai, amma mun kai la'asar a kan guda biyu, bai taɓa nuna ya gaji ba. Kuɗin da kuka karɓa daidai ne, an kuma ba ni rasit.

Abin da ke ba ni mamaki, manhajojin nan duk kyauta ne. Me ya hana manyan ofisoshi? Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara, wa'adin ya wuce. Har yau in zan cire kuɗi sai na faɗa wa wani lambar sirrina, in an ba ni fom sai a ce in dangwala yatsa, ni da na koya wa yara rubutu.

Yanzu na gyara fayafayai 11 a gida da kaina. Ranar Juma'a yayata ta zo, na kunna mata wanda Baba yake sawa in ya dawo daga tafiya, ta yi shiru har ya ƙare, ta ce in sake. Saura 20 da wani abu, kuma akwai ɗaya mai tsagewa a baki da zan kawo muku ranar Asabar in Allah Ya kai mu.

Allah Ya yi wa kasuwarku albarka, Ya saka wa yaron nan da alheri.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Unguwar Jahun, Bauchi