Kafin jirgin nan naka ya tashi, duba ruwan tukunya

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Shirun nan ya yi yawa har ya fara zama abin kunya a gare mu duka, to ga ni. Dogo ne ya tsegunta mini cewa ka tara mutum biyar a can za ka ja musu wasan sitimfank, wato wasan tebur da kowa ke zama jarumi a labarin duniyar injinan tururi, wai kuma kana neman wanda zai gaya maka littafin da za ka saya. Kai da kake rantsuwa har abada ba za ka zauna a kujerar mai jan wasa, mai ba da labari da yanke hukunci, ba! Allah ya sa alheri, ya kuma ba mutanen nan biyar haƙuri.

Maganar littafi za mu zo kanta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shirin da Dogo ya ce ka yi: birni mai hayaƙi, kowa da doguwar hula da tabarau mai bakin tagulla, jirgin balan-balan yana shawagi a sama. Wannan duk ado ne. Zama biyu ya isa ’yan wasa su daina ganinsa, su koma abin da suka saba yi a wasan takubba da sihiri na Dungeons & Dragons, sai dai takobi ya zama bindiga. Abin da ke riƙe irin wannan wasa shi ne inji ya kasance yana cin wani abu, abin yana ƙarewa, kuma akwai mai shi.

Fara da tukunya. Injin tururi ya fi shan ruwa a kan cin kwal. A jirgin ƙasa, kilo ɗaya na kwal yakan mai da ruwa kilo shida zuwa takwas tururi, shi ya sa aka jera tankunan ruwa a bakin layin dogo. Babbar tukunya kuma in ta huce, sai an yi awoyi ana hura ta sannu a hankali kafin ta tara matsin da zai juya ƙafa, domin in aka gaggauta, wani ɓangaren ƙarfen ya riga wani buɗewa, ta fara yoyo. Ka ga ke nan maganar “mu ruga mu tayar da jirgi mu tsere” ba ta taso ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dole ɗaya daga cikin su biyar ɗin ya kwana gindin murhu yana zuba kwal yayin da sauran ke cikin gidan da suka je fasawa, ga shi kuma hayaƙin yana tona musu asiri tun daga nesa.

Yawancin masu jan wasa suna cewa tukunya ta fashe ne don wuta ta yi yawa. Mafi muni shi ne ƙarancin ruwa. Ruwa ya ja baya, rufin murhu ya fito fili babu ruwa a kansa, ya yi jawur, ya yi laushi, matsi ya yage shi. Ruwan da ke ciki zafinsa ya riga ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tafasa, don haka da zarar an sami ɓaraka sai mai yawansa ya zama tururi nan take, shi kuwa tururi yana cin wuri kamar ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga cikinsa. Abu uku ke tsaron tukunya: bututun gilashi da ake ganin tsayin ruwa a ciki, bawul mai sakin tururi in matsi ya wuce ƙa’ida, da wata toshiya mai dalma a rufin murhun wadda ke narkewa in ruwa ya janye, tururi ya feso kan wuta ya yi gargaɗi. Duk ukun nan abubuwa ne da maƙiyi zai iya lalatawa a ɓoye, ko ɗan wasa mai garaje ya ɗaure bawul da waya don ya ƙara gudu. In wani ya ce ka cika tsanani, ka tuna masa da jirgin ruwan Sultana da tukwanensa suka fashe a kogin Misisifi a 1865, mutum sama da 1,000 suka mutu.

Ga yadda za ka ɗora wannan a kan tebur, kuma yana shiga kowane tsarin dokokin wasa. Ɗauki dayis ɗaya mai fuska shida ka ajiye shi a gaban wanda ke wasan injiniya, ba na jefawa ba ne, shi ne gejin matsi. Uku ne aikin yau da kullum. A kowane zagaye yana iya juya shi sama da ɗaya, kowane mataki sama da uku yana ƙara wa jifar matuƙi maki ɗaya. A kan biyar, bayan kowane aiki a jefa wani dayis, in 1 ta fito an sami matsala. A kan shida, 1 ko 2. Yi lissafin da kanka: zagaye uku a kan shida, damar fita lafiya 8 ce cikin 27, wato kusan kashi 30 cikin 100. Matsalar farko gilashi ya fashe, tururi ya ƙona mai zuba kwal, kuma daga nan ka ɗauke maɓallan da ake ƙirga ruwa da su ka ɓoye a bayan allon da ke kāre takardunka, ba su ƙara sanin abin da ya rage ba. Ta biyu toshiya ta narke, dole a kashe wuta, inji ya tsaya a inda yake. Fashewa kuwa kada ka kawo ta sai in su da hannunsu suka ɗaure bawul ko suka liƙe toshiyar. Mutum ba ya jin haushin mutuwar da ya saya da kansa.

Maɓallan da na ambata: baƙaƙe huɗu na kwal, farare takwas na ruwa. Kowane zango yana cin baƙi ɗaya da farare biyu, amma in matsi ya wuce huɗu a zangon, farare uku. Sai ka ga ruwa ya ƙare alhali da sauran kwal, a tilasta musu sauka bakin wani tafki, kuma ruwa mai laka ko gishiri yana sa tukunya kumfa, ya bar mata ɓawo a jikin bututu. Kada ka wuce waɗannan ƙididdiga uku. Na san halinka, za ka so ka ƙara man shafawa da tsatsa da albashin ma’aikata har wasa ya koma aikin akanta. Mutumin da ya taɓa sa aka auna nauyin igiya kafin a tsallaka rami ba abin yarda ba ne.

Sai jirgin balan-balan, wanda na san shi ne ya ja ka cikin harkar tun farko. Kubik mita ɗaya na gas ɗin haidurojin da ake cika shi da shi yana ɗaga kilo 1.1 ne kawai ko ɗan fiye. Jirgi mai nauyin tan goma yana buƙatar kusan kubik mita 9,000, in dunƙulalle ne faɗinsa ya kai mita 26. Mutum shida da kayansu, a ce kilo 600, su kaɗai sun cinye kusan kubik mita 550. Don haka ranar da suka sace akwatin zinariya, tambayar ita ce me za a jefar. Yashin da aka ɗauko don daidaita nauyi ne farko, sai kwal, sai bindigogi, sai a fara kallon juna. Rana in ta ɗumama gas jirgi ya yi sama, da dare ya yi ƙasa. Kwal in ya ƙone jirgi ya yi sauƙi, sai an saki gas, shi kuma wanda aka saki ba ya dawowa. Kada wani ya ce maka zai cika da gas ɗin hiliyom, ba a ware shi a doron ƙasa ba sai 1895. Henri Giffard ya tashi da injin tururi daga Faris a 1852, inji mai ƙarfin doki uku a ƙarƙashin balan-balan mai tsawon mita 44, ya yi tafiyar kilomita 27, ya karkatar da bakin bututun hayaƙinsa ƙasa don tsoron tartsatsi, kuma bai iya komawa inda ya taso ba saboda iska ta fi ƙarfinsa. Iyakar gaskiyar ke nan.

Shi ya sa kowane wasa mai kyau yake yin ƙarya guda ɗaya ya tsaya a kanta. Space: 1889 na Frank Chadwick ya ƙirƙiro itacen da ke tsirowa a duniyar Mas mai ɗaga jirgi sama. Deadlands na 1996 ya kawo dutsen fatalwa wanda ya fi kwal zafi da daɗewa. A Blades in the Dark na John Harper, jinin dodannin teku ake tacewa a ba birni wuta. Eberron na 2004 ma ba tururi ba ne sam, halittun wuta da iska aka ɗaure a jikin jirage, ko da yake kullum sai an sa shi cikin jerin wasannin sitimfank, ni dai ban yarda ba. Zaɓi taka ƙaryar guda ɗaya, ka rubuta amsa uku a takarda: ina ake samun abin, wa ya mallaki wurin, wa ke mutuwa wajen haƙo shi. Daga nan labarin wata shida zai fito ba ka wahala ba. In ka yi ƙarya biyar kuwa, ’yan wasa ba za su iya hasashen komai ba, su daina dabara su koma jiran abin da za ka faɗa.

Af, ka ji ƙaninka ya sayar da ’yan sojojin nan nasa da ya shekara yana yi wa fenti? Wai aure. Dogo ya saye rabi, yanzu kuma yana cewa shi ma zai fara jan wasa, Castle Falkenstein yake so, don kawai da karta ake yinsa ba da dayis ba, ka dai san tarihinsa da dayis. A gaskiya zaɓin ba laifi. Mike Pondsmith ya fitar da shi a 1994, kuma riƙe kati a hannu yana ba mutum damar ajiye babban kati don lokacin da ya dace, abin da ya yi daidai da wasan fada da rawa da ƙulle-ƙulle.

Ina muka tsaya? Shekara. Tsayar da shekara guda kafin zaman farko, domin rabin gardamar tebur a kanta ake yi. In ka ce 1870, akwai nakiyar dainamait tun 1867, akwai bindigar Gatling, wayar tangaraho ta tsallaka tekun Atilantika tun 1866, amma babu tarho sai 1876, babu bindigar Maxim sai 1884. In ka ce 1889 duk waɗannan sun samu, rediyo ne babu. Ka kula da tangaraho musamman: labarin laifinsu zai riga su isa gari na gaba, sai in sun tuna sun yanke waya, yankewar kuma ita ma sanarwa ce.

Shekarar ce kuma ke raba sitimfank da dangoginsa da ake ta musu a kansu. In ƙarfin daga nannaɗaɗɗen ƙarfe da haƙoran agogo yake, zamanin Leonardo da Vinci, wancan dangin agogo ne, matsalarsu wa zai wana. In ka matsa tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ga man dizal da jiragen sama masu farfela, ka shiga dizalfank, irin Crimson Skies da aka ɗora a 1937, inda inji ke tashi nan da nan, duk abin da na faɗa a kan jiran tukunya ya rushe. In sihiri da dodanni suka fi inji yawa a ƙarƙashin fitilar gas, wani dangi ne daban. Tambayi mutanenka wanne suke nufi, don sau da yawa mai cewa sitimfank tufafin kawai yake so.

Kada ka bar injin lissafi ya zama kwamfuta mai magana. Na Charles Babbage da gidan tarihin kimiyya na Landan ya gina daga zanensa, aka kammala sashen lissafin a 1991, da hannu ake juya shi, kuma tare da na’urar buga sakamako sassansa sun kai 8,000, nauyinsa tan biyar. Babban da ya zana bai gina ba, da katuna masu huji za a ba shi umarni. Ga sata mai daɗi nan: ba injin za a ɗauke ba, kati ɗaya za a musanya a cikin dubu, teburin da matuƙan jiragen ruwa ke dogara da shi ya fito da kuskure, ba wanda zai gane sai jirgi ya hau dutse. Don irin wannan aiki ari agogon Blades: zana da’ira ka raba ta shida, duk jifar da ta zo da tangarɗa ka cike yanki ɗaya, in ta cika masu gadi sun farga.

Wani abu kuma da za ka daidaita da su tun kafin a fara. Zamanin nan shi ne na taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara rabon Afirka, da yara masu aiki a masaƙu, kuma Space: 1889 mulkin mallaka ya kwashe ya kai Mas. Ka tambaye su a wane ɓangare suke so su tsaya, kada ka ɗauka kowa hafsan sarauniya yake son zama. Ƙungiyar masu zuba kwal da suka ƙwace jirgin kamfani ta fi ba da wasa, don su ne suka san inda toshiyar take.

Aiko mini da takardun jaruman nan biyar in duba, musamman na injiniyan, kada a bar shi da gyara kaɗai babu abin yi in an fara harbi. Ka kuma faɗa mini ko littafin dokokin nan mai yagaggen bango yana wurinka, don Dogo ya rantse ba ya hannunsa. A gaida uwargida da yara.

Naka,
abokinka na kullum