Kada a yi gaggawar yi wa kwamfuta fomatin bayan bairos ya kama ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin masu kwamfuta, musamman ɗalibai, kan wata asara da ake tafkawa a hannun masu gyara.

Kwanakin baya ƙanwata, wadda ke ajin ƙarshe a jami'a, ta kai filashinta wani shagon buga takardu, da ta dawo ta soka shi a kwamfutarta, sai ta wayi gari babu ko babi ɗaya na kundin bincikenta, sai wasu alamomi masu ɗan kibiya a gefe waɗanda ba sa buɗe komai. Mai gyaran da ta kai wa bai ko duba ba ya ce sai an yi fomatin, wato an share duk abin da ke cikin kwamfutar, an sake ɗora Windows. Allah ya kiyaye, ta kira ni kafin ta amince.

Irin wannan bairos na filashi ɓoye fayiloli yake yi, kuma umarnin attrib da ke cikin Windows ya isa ya fito da su bayan an kashe cutar. Ko da ma an goge fayil, abin da kwamfuta ke yi shi ne ta cire sunansa daga jerin abin da ke rumbunta na ajiyar fayiloli, kamar ma'ajin da ya yage shafi daga littafinsa alhali buhunan na nan a sito, har sai an zuba wani kaya a gurbinsu. Sabon Windows ɗin da mai gyara zai ɗora shi ne wannan kayan. Saboda haka idan goge fayilolin aka yi, a kashe na'urar nan take, a cire rumbun a haɗa shi da wata kwamfuta mai lafiya, a bincike shi da manhajar PhotoRec ko Recuva, waɗanda ake samu kyauta, sannan duk abin da aka ceto a ajiye shi a wani rumbu daban. Sai dai rumbun zamani na SSD yakan share gogaggen fayil da wuri, don haka damar ceto a cikinsa kaɗan ce.

Akwai kuma bairos mai garkuwa da fayiloli don neman kuɗin fansa, irin WannaCry da ya afka wa ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Wannan kulle fayil yake yi, kuma Recuva ba ta buɗe shi. Duk da haka a adana kullallun fayilolin, domin shirin No More Ransom, wanda Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da 'yan sandan Holan suka kafa a 2016, yana raba mabuɗan wasu daga cikinsu kyauta.

Ƙanwata dai ta samu babobinta biyar cif, kuma tun ranar take tura wa kanta kwafi ta imel duk daren da ta yi rubutu.

Na gode.

Wani mai karatu daga Zariya