Gaisuwar Babbar Salla daga Abijan, da amsar tambayar Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Kawu, da Yaya da iyalinsa, da Auta, da dukkan mutanen gida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da salla, Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana. Mun sauko daga idi ɗazu a nan Treichville, kuma tun ina kan hanya zuciyata tana Birni, ina tuna yadda dawaki ke taruwa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, da yadda ake jera raguna a kan tsinkayen itace a kewaye wuta har yamma ta yi. Salla ta uku ke nan ban ji wannan ƙamshi ba.

Baba, a yi mini izini in yi amfani da wannan takarda in biya bashin da Auta take bina. Ta ce a jami'a an ba su aiki a kan silimar Nijar, ta tambayi Kawu wane fim ne ya fi a cikin na marigayi Oumarou Ganda, Kawu ya ce Le Wazzou polygame ba tare da ya tsaya tunani ba, sai ta so ta ji nawa ra'ayin. Na sake kallon guda huɗu da aka fi saninsa da su tare da wani abokin zamana mutumin Dosso, wanda yake fassara mini Zabarmanci a inda rubutun Faransanci ya gaza, kuma ga abin da na gani.

Wanda na ajiye a ƙarshe shi ne Saïtane. Labarin wani malamin tsibbu ne da ya zama ɗan aike tsakanin matar aure da wani mai kuɗi, kuma babu shakka sai mai ƙarfin zuciya ne zai taɓa irin wannan magana a ƙasarmu a farkon shekarun 1970. Amma tun daga farko mai kallo ya san wane ne mugu, saboda haka ba a bar masa abin da zai auna da kansa ba. Ina girmama fim ɗin, sai dai bai bi ni har wurin kwanciya ba.

Sama da shi na sa L'Exilé na 1980, wanda Ganda ya yi gab da rasuwarsa a ranar 1 ga Janairu 1981. Wani jakadan Afirka ne da ya yi gudun hijira zuwa Turai yake ba abokansa tatsuniyar wani sarki da wasu samari biyu da suka furta cewa za su ba da kawunansu in har za a aura musu ƴaƴan sarki, sarki kuwa ya ji, ya riƙe su da maganarsu. Duk fim ɗin a kan nauyin alkawari yake, abin da mu muke cewa magana zarar bunu ce. Inna za ta so shi, domin ginin labarin irin na tatsuniyoyin da take yi mana ne a tsakar gida. Abin da ya rage masa daraja a wurina shi ne an yi shi da Faransanci, kuma sarki da talakawansa suna magana da harshen da bai zauna a bakinsu ba.

Yanzu sai inda ni da Kawu muka rabu. Kawu, ina neman afuwa, hujjarka mai ƙarfi ce kuma ban raina ta ba. Le Wazzou polygame shi ne fim na farko da ya taɓa cin babbar kyautar Étalon de Yennenga a bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu, a 1972, kuma wannan abin alfahari ne ga kowane ɗan Nijar. Wani alhaji ne ya dawo daga Makka, ya sa ido a kan Satou wadda aka riga aka yi wa Garba alkawarinta, ya aure ta ta uku saboda iyaye ba sa iya ce wa dukiya da rawani a'a. Matarsa ta biyu ta shirya kashe amarya a daren biki, sai ta kuskure ta kashe ƙawar amarya. Zalika Souley ta yi wasan kishiyar da har abokina ya daina fassara ya yi shiru yana kallo. Ganda bai zagi aikin hajji ba, ya nuna mutumin da ya mayar da sunan alhaji jari, kuma wannan bambanci ne da ya kamata Auta ta rubuta a aikinta da kyau. In ana maganar tsari da launi da ƙwarewar ƴan wasa, wannan ne ya fi. Na ba shi matsayi na biyu.

Na ɗaya a wurina shi ne Cabascabo, fim ɗinsa na farko, baƙi da fari, wanda bai kai awa guda ba, kuma aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1969. Ganda da kansa ya fito a matsayin sojan da ya dawo Yamai daga yaƙin Faransa a Indocin, wato yankin Vietnam, da kuɗin sallama a aljihu. Abokai suka kewaye shi, maroƙa suka wasa shi, ya yi ta rabo yana ba da labarin fagen fama, har ranar da aljihu ya bushe, sai aka watse aka bar shi yana neman aikin ƙarfi a garin da jiya ake yi masa kirari. Ba ƙirƙira ya yi ba. Shi ma yana ɗan saurayi ya shiga sojan Faransa aka kai shi Indocin, ya dawo bai samu aiki a gida ba, ya gangaro nan Abijan ya yi dako a tashar jiragen ruwa. A nan ne Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya gamu da shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, wanda aka ɗauka a wannan unguwa ta Treichville da nake zaune. Kullum in na fita da asuba na ga ƴan ƙasarmu suna tafiya bakin tashar da ƙunshin abinci a hannu, sai in tuna shi ma ya bi wannan hanya kafin ya riƙe kyamara.

Akwai wurin da ya sa na ce wa abokina ya tsayar da kwamfutar. Cabascabo yana zaune cikin mutane yana miƙa kuɗi, fuskarsa tana murmushi, amma idonsa yana kan abin da ya rage a hannunsa. Na san wannan kallo domin na yi shi. Zuwana gida na ƙarshe, makon farko zauren Baba bai taɓa zama babu baƙi ba, takalma har bakin titi, ni kuma ina jin kunyar in sallami kowa hannu wofi. A mako na uku na shiga ɗaki na ƙirga abin da ya saura a jakata, na tarar ko kuɗin motar komawa bai cika ba, Yaya ne ya cika mini a ɓoye bai gaya wa kowa ba. Ban zargi waɗanda suka zo ba, yawancinsu buƙata ce ta kawo su. Laifina ne da na so a ce na dawo da arziki. Ganda ma bai ɗora wa abokan Cabascabo laifin duka ba, ya nuna yadda mutum yake sayen kirari da guminsa na shekaru, kuma saboda wannan adalci nake fifita fim ɗin a kan wanda ya ci kyauta. Le Wazzou polygame yana nuna mana laifin wani, shi kuwa Cabascabo laifina ya nuna mini.

Auta, ki rubuta cewa sunan mutumin nan yana kan babbar cibiyar al'adu ta Yamai, kuma FESPACO tana ba da kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice da dogon fim ɗinsa na farko. Ki zauna da Kawu ki ji hujjarsa da kyau kafin ki ɗauki tawa, domin shi ya ga zamanin da ido, ni kuwa a allon kwamfuta na gani.

Baba, abin da na aiko ta hannun Yaya na gyaran rufin ɗakin Inna ne kafin ruwa ya yi ƙarfi, kuma in Allah ya kai mu baɗi ina so in yi salla a gida, in zo da abin da zan fara sana'a da shi a kasuwar Dole. Gobe in ana rabon nama a kai wa Gwaggo kason da aka saba kai mata da sunana. A gaishe mini da liman da maƙwabta da yara duka.

Wassalam, naku ɗa mai biyayya, daga Abijan.