Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsinar Maraɗi Kan Karatun Matasa Masu Iyali

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Mu iyaye da matasa na unguwannin Bagalam, Mokoyo, Zariya da Sabon Gari muka haɗu muka kawo kukanmu fada, a kan 'ya'yanmu da aure ko haihuwa ya raba da lakkal.

Ranka ya daɗe, doka ba ta hana su komawa ba. Tun Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya 'yar makaranta, a 2019 kuma aka biyo da umarnin da ya ba wadda ta yi aure ko ta haihu damar ci gaba da karatu. Amma takardar tana ofis, ba ta shigo zaure ba. Mazaje da surukai da yawa ba su taɓa jin labarinta ba. Wadda aka bari ta koma kuwa, wa zai riƙe mata jinjiri? Mun ga yarinya tana aji na huɗu a koleji, saura wata kaɗan ta zauna jarrabawar birbe, ta ajiye littafi saboda goyo. Uwarta na kasuwa, uwar miji na gona, ita kuma ba a shiga aji da ɗa a baya. Samarin ma da suka zama magidanta suna kan kabu-kabu tun asuba, karatun rana ya fi ƙarfinsu.

Muna roƙon Sarki ya umarci masu unguwanni da limamai su bayyana wannan doka a masallatai da wuraren suna da ɗaurin aure, don maganar fada ta fi takarda shiga kunne. Muna roƙo kuma Sarki ya sa baki wajen hukumar gari da ta ilimi a ware ɗaki ɗaya kusa da koleji inda za a riƙa ajiye jarirai. Dattawan mata cikinmu sun yarda su yi renon, mu kuma za mu yi karo-karo don tabarma da kunu. Sai azuzuwan dare da na koyon sana'a ga magidanta matasa.

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana cikin garin nan, muna so jikokin Sarki su shige ta ko da goyo.

Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu suna haɗe da wannan takarda. Muna jiran ranar da fada za ta kira wakilanmu.

Allah ya taimaki Sarki.